Tebura Huɗu na Kyaftin Delbert

In Delbert ya ce "ku bar mini wannan," mu a danginmu sai kowa ya kama addu'a a zuci. Mijin yayata Verna ne, mai shagon taya a garinmu can Oklahoma, inda ruwa mafi girma shi ne tafkin da shanu ke sha. Sau biyu ya taɓa shiga jirgin ruwan shaƙatawa a rayuwarsa, na farkon ma a kwance ya ƙare shi da bokiti a gefen gado. Amma in ka same shi yana ba masu jiran faci labari, sai ka rantse da shi aka haƙa tekun. Yayana Royce ne ya laƙaba masa Kyaftin don tsokana. Shi kuwa bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu, har ya je ya sayo farar hula.

Shekarar da mahaifiyarmu, Mama Opal, za ta cika tamanin da biyar, mu 'ya'yanta huɗu muka haɗa kai, Verna da Royce da ni da autarmu Faye, muka ce za mu kai ta teku mako guda a jirgin ruwa, daga tashar Galveston. Da ita, da Delbert, da mijina Lyle, da matar Royce, mun cika takwas. Ranar haihuwar tata kuma ta faɗo daidai daren ƙarshe na tafiyar.

Muka tambaye ta me take so.

Ta ce, "Kada wanda ya sake saya mini bargo. Barguna sun ishe ni. Abu ɗaya nake so: ran nan ku zaunar da ni a teburi ɗaya da ku duka, mu ci nama yadda babanku yake kai mu, in kalle ku. Shi ke nan."

Tun da Baba ya rasu aka sayar da gidan, ba mu sake zama mu duka a teburi ɗaya ba.

To, kowa ya san gidan naman da ke hawa na sama a jirgi ba kamar babban zauren cin abinci ba ne, sai an kama wuri da lokaci, kuma teburin mutum takwas ɗaya ne tak a cikinsa. Da an buɗe kamawa a waya ake wawashe shi. Nan take na zaro wayata.

Delbert ya ɗora hannu a kai. "Ajiye wayar nan, Noreen. Wannan ai aikin baƙi ne. Mu 'yan gida ba ma kama wuri a waya. Ranar shiga jirgi nake hawa sama, in gaisa da manaja, in kira shi da sunansa, sai ki ga teburi ya fito."

"Ka san sunan nasa?"

"Ai yana rubuce a ƙirjinsa."

Royce ya tuntsire da dariya. Verna ta harare shi ta ce, "Ku ƙyale shi mana, ya san harkar." Shekara arba'in Verna tana faɗin wannan magana, kuma har yau ba ta gaji ba. Mama ta ce, "Ku bar wa Delbert, tun da ya ce zai iya." Daga nan na mayar da wayata jaka.

Ranar shiga jirgi, ko jakunkunanmu ba su iso ɗaki ba Kyaftin ya gyara hula ya hau sama. Da ya sauko ya same mu a bakin wurin ninƙaya, ni da Royce da Lyle, yana irin murmushin da yake yi in ya sa wa mutum tayar da ba ta motarsa ba.

Royce ya ce, "Ya ake ciki, Kyaftin?"

"An gama. Har ma da abin da ya fi."

Da na ji "abin da ya fi" na san da magana a ƙasa. Na ce, "Babban teburin fa?"

"Wata mata daga Louisiana ta kama shi tun da daɗewa. Amma ku gode wa Allah. Na gan shi da idona. A tsakiyar ɗaki yake, ba taga, ba teku, kana cin abinci ana wucewa da faranti ta ƙeyarka. Mama ta fi ƙarfin wannan. Akwai ƙananan tebura a bakin taga, masu cin mutum bibbiyu. Huɗu zan kama, duk ƙarfe bakwai. In mun shiga sai mu ja su mu haɗe, kamar yadda muke yi a gidan abincin Dottie in an taso daga coci."

Gaskiya ne, haka muke yi a garinmu. Kowace Lahadi sai an ja teburan Dottie an haɗe, kuma Delbert ne mai ba da umarni, ba ya ɗaga komai sai murya.

Na ce, "Ka tambaye su ko za su yarda a haɗe?"

"Ana tambaya? Dottie wa ya taɓa tambayarta?"

Lyle ya ce, "To, guda nawa ka samu?"

"Ɗaya. Sauran ukun suna hannun mutane. Amma mutane ai mutane ne, kowa da abin da yake so. Ku kawo katunanku."

Muka miƙa masa katunan ɗakunanmu kamar tumaki. Abin da ba mu sani ba, da su zai buɗe kasuwa. Mutum ɗaya ba ya kama wuri biyu a maraice ɗaya, don haka ya bi sauran gidajen abincin jirgin, na Japanawa da na Italiyawa da na kifi, duk lokacin da ya rage ya kame shi da sunayenmu. Waɗannan su ne hajarsa. Da su zai yi musayar tagogi.

Washegari da hantsi ya fito da hula da tabarau, yana bi tsakanin mutanen da ke kwance a rana sun shafe jiki da mai.

"Barka da hutawa, ranka ya daɗe. Kana da gidan nama daren ƙarshe? Bakin taga? In ba ka Italiya gobe, in ɗora maka kifi jibi."

Da farko sun ɗauka ma'aikacin jirgi ne. Wata ta yi masa ƙorafin tawul, wani tsoho ya miƙa masa kofin da ya gama sha. Delbert ya karɓi kofin ya zo ya ce mana, "Kun ga yadda ake girmama ni?"

Sai ciniki ya fara sarƙewa. Mai taga ba ya son Italiya, kifi yake so amma da wuri. Mai kifin da wuri ba ya sakinsa sai an ba shi Japan. Mai Japan kuma matarsa ce ke yanke hukunci, tana wurin gyaran farce. Delbert ya bi ta har can, ya tsaya a kanta ƙafafunta cikin ruwa yana mata lissafi da yatsu, sai da aka raka shi waje. Da yamma ya samu taga, ya yi ta murna, sannan ya gano ta daren da ya wuce ce.

Kafin tsakiyar mako duk jirgin ya san shi. Ba sa ce masa Kyaftin, Dillali suke ce masa. In ya doso wurin ninƙaya sai ka ga tawul yana hawa fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi barcin ƙarya. Wani ya hango shi ya faɗa ruwa da tabarau da littafi a hannu. A lifta mai hawa da mutane sama, in ya shiga sai mutane su fita. Shi kuwa cewa yake yi, "Suna ba ni wuri ne."

Amma babbar masifar ita ce, hajar da ba ta shiga ba, mu za mu cinye ta. Ina cikin shirin sauka babban zaure wurin Mama, sai wayar ɗaki ta yi ƙara.

"Barka da yamma. Wurinku ya shirya a gidan Japanawa, ana jiranku."

Na ce, "Wurin wa?"

"Noreen da Lyle. In ba ku zo ba za a cire kuɗin daga katinku."

Lyle yana jin "cire kuɗi" ya riga ya sa takalmi. Mijina mutum ne da in ya biya kuɗin abu, ko guba ce sai ya cinye. Rana ko faɗuwa ba ta yi ba, abincin rana bai gama sauka ba, muka zauna da baƙi kewaye da wani faffaɗan ƙarfe mai zafi, kuku yana wasa da wuƙaƙe yana rera waƙa. Ya ce Lyle ya buɗe baki, ya wurgo masa jatan lande. Ya sauka a tabarau. Ya sake wurgowa, ya shige aljihun riga. Lyle ya ciro shi ya cinye, ya ce ai an biya.

Haka muka yi ta yi. Royce, wanda ko warin kifi ba ya so, sau biyu ana tura shi gidan kifi, ya dawo yana zagi ƙasa-ƙasa. Faye, wadda ba ta da aure, ta samu kanta a gidan Italiyawa a teburin masoya, da kyandir da fure, wani mai goge ya tsaya a kanta yana mata kiɗa ita kaɗai har ta gama taliya. Delbert da Verna kuwa akwai maraicen da suka ci abinci sau biyu a jere, nasu da wanda aka kama da sunan Royce da matarsa. Verna ta fito tana dafa bango, shi yana cewa, "Mutane suna rububin wuri ɗaya, ni na ba ki biyu."

Mama fa? Mama tana babban zaure, inda tun farko aka ware mana teburin mutum takwas kyauta, kowane maraice. Wata rana na gudo daga gidan kifi na leƙa ta. Na same ta zaune da sandarta a gefe, kujeru bakwai wayam, an naɗe tsumman goge baki kamar tsuntsaye a gaban kowace, mai kawo abinci yana taya ta hira don tausayi. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Na ce, "Mama, wannan abin ya isa haka."

Ta ce, "Ƙyale shi, Noreen. Yaron yana ƙoƙari. Ai daren ƙarshe yana nan."

Ban ƙyale shi ba. Washegari na je nemansa, na same shi cikin kwamin ruwan zafi da hularsa a ka, ya tsare wata mata mai faffaɗar malafa. Ita ce Odile Thibodeaux, mai babban teburin, ta zo da ƙawayenta bakwai na wasan karta.

Tana ce masa, "Au, kai ne Dillalin? Na ɗauka za ka fi haka tsawo."

"Ni ne, baiwar Allah. Kuma kwantar da hankalinki, ba teburinki na zo nema ba. Ko kyauta ba na so."

"Wa ya ce zai ba ka?"

"Tausayinki nake ji. Ki biya kuɗi ki zo teku, ki zauna kina kallon ƙofar kicin."

"Ni nama na zo ci, ba ruwa na zo kallo ba. Kai da ka san teku haka, me ya hana ka kama wuri tun kana gida?"

"Dabara ce."

"Allah ya ƙara dabara. Matsa can, kana tare mini kumfa."

Na ja shi gefe na ce, "Delbert, ka san Mama ita kaɗai take cin abinci?"

Ya ce, "Saura taga ɗaya, Noreen. Ɗaya tak. In Mama ta ga abin da na shirya mata, duk za ta manta."

Ranar ƙarshe da tsakar rana ya hau matakalar da ke saman wurin ninƙaya, ya ɗaga hannu biyu sama ya yi ihu, "Huɗu! Sun cika!" Mutane suka ɗauki tafi. Wasu har da fito. Ba don shi suke yi ba, murnar samun lafiya suke yi, amma ya cire hula ya rusuna musu.

Da maraice muka ci ado. Mama ta sa wata riga ruwan malmo da ta daɗe tana ajiye, ta je an gyara mata gashi, ta sa 'yan kunnen da Baba ya saya mata. Tun a lifta take kallonmu ɗaya-ɗaya tana murmushi. Delbert yana gaba cikin kwat ɗin aurensa, wadda ta daina ɗaukarsa tun zamanin da Faye take makaranta.

Manajan, wani dogo siriri, ya tarbe mu a ƙofa. Delbert ya matsa ya karanta ƙirjinsa.

"Dragan, abokina! Ga mu."

"Sannunku da zuwa. Biyu suna dama, biyu suna hagu."

Ashe gidan naman taga gare shi ta kowane ɓangaren jirgi. Tebura biyu can, biyu can, tsakaninsu faɗin ɗaki guda. A tsakiya kuwa ga babban teburin, wasu ƙattai masu riguna iri ɗaya, 'yan wata ƙungiyar kamun kifi, sun kewaye shi, an riga an kawo musu nama. Odile da ƙawayenta uku suna wani teburi a gefe.

Royce ya ce, "Kyaftin, wannan ai sai da mota."

"Ƙaramin aiki ne." Ya tuɓe kwat ya miƙa wa Verna, ya naɗe hannun riga. "Royce, kama can. Lyle, ɗaga nan. Mata, ku matsa."

Dragan ya ce, "Yallaɓai..."

"Na sani, abokina. Ɗaya, biyu, ɗaga!"

Teburi ko motsi. Royce ya yi nishi, jijiyar wuyan Lyle ta tashi.

"Katako ne mai kyau," in ji Delbert. "Ba ku ci abinci ba ne? Ku sake."

Suka sake. Kofuna suka yi ƙara, teburi yana nan inda yake. Masu cin abinci suka fara ajiye cokula suna juyowa. Wani ya ce, "Kai, Dillali ne!" Wayoyi suka fito.

"Yallaɓai, don Allah..."

"Na ce na sani! Ku kauce, ragwaye."

Karon farko a tarihin danginmu, Delbert ya sa hannu a teburi da kansa. Ya durƙusa, ya cusa kafaɗa a ƙarƙashi, ya cije leɓe ya yunƙura. Daidai nan jirgi ya ɗan karkata. Muka ji ƙyaaat! Wandon aure ya rabu gida biyu tun daga ƙugu. Ya kai hannu baya don ya rufe, ƙafa ta zame, ya cafko mayafin teburin, ya tafi da shi ƙasa da kofuna da kwandon burodi da komai. Man shanu ya sauka a kan hula.

Dariya ta ƙwace wa wata ƙawar Odile har tana tari.

Tun da mayafi ya tafi, ƙafar teburin ta fito fili. Royce ya sunkuya ya duba, ya ɗago a hankali.

"Kyaftin, zo ka ga 'yan'uwanka. Noti huɗu, kowanne ya kai na tayar tirela. A ƙasa aka ɗaure shi."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaure noti, mako guda yana hawa yana sauka a ɗakin nan, bai taɓa ɗaga mayafi ya leƙa ba. Ya rarrafo ya taɓa notin da yatsa, ya ɗago ya kalli manaja.

"Kana da sifana?"

"Yallaɓai, jirgi ne. In ba a ɗaure ba, igiyar ruwa ɗaya za ta kai namanka cinyar maƙwabci."

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Duk hawan da ka yi sai na fara, sai ka ce ka sani."

Delbert ya miƙe, ya karɓi kwat daga hannun Verna ya ɗaura a ƙugu. Kuna tsammani ya haƙura? Ina! Ya kakkaɓe hula, ya nufi babban teburin da murmushin ciniki.

"'Yan'uwa, barkanku da cin abinci. Ina da tayi. Tagogi huɗu reras, ku ba ni wannan."

Babbansu, wani mai gemu da ake ce wa Gus, ya saki baki. "Haba, Dillali! Ai kai ka ba mu shi ɗazu da safe."

Verna ta ce, "Ya ba ku me?"

Odile ta goge baki ta juyo da kujerarta, don ba ta son ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa. "Bari in gaya miki, 'yar'uwa. Ƙawayena huɗu teku ta kwantar da su, suna ɗaki suna kiran sunan Allah. Na ce mu huɗu me za mu yi da teburin takwas? Na tuna tsohuwar nan da nake gani ita kaɗai a zaure. Da safe na nemi mijinki, na ce ga shi, don ita, ban ce ya ba ni komai ba. Ya karɓa. Kafin in gama shayi ya kai wa wannan mai gemun, ya karɓo tagarsa."

Verna ta juya a hankali. "Delbert. Teburin ya shigo hannunka?"

"Na ɗan lokaci."

"Ka bayar?"

"Verna, ba taga. Da shi na cike ta huɗun. Ciniki ne mai kyau, kowa ya..."

"Rufe mini baki."

Shekara arba'in muna jiran wannan kalma. Da a wata rana ce, da ni da Royce mun yi rawa.

Gus ya ture farantinsa ya fara miƙewa, kunya ta kama shi. "Mama, ba mu san haka aka yi ba. Bari mu tashi."

Mama ta ɗaga hannu. "Ku zauna, 'ya'yana. Abincinku ya riga ya zo. Ku ma ai tare kuka taho."

Royce ya ce mu sauka babban zaure. Dragan ya girgiza kai: lokacinmu na can ya wuce, masu zama na biyu sun cika ko'ina, daren ƙarshe ne. Faye ta ce to mu jawo kujeru mu kewaye ƙaramin teburi ɗaya. Ya ce hanyar masu faranti ce, ba a tare ta. Kujera ɗaya tak zai iya bari a ƙara wa teburi.

Delbert ya yi yunƙurin ƙarshe. Ya nuna taga da hannun da ba ya riƙe da kwat. "Amma Mama, dubi teku."

Muka duba. Rana ta daɗe da faɗuwa. Baƙi ƙirin, ba ka ganin komai a gilashin sai mu kanmu, cirko-cirko a tsakiyar ɗaki.

Mama ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya ga manaja.

"Ɗana, kujerun ma an ɗaure su?"

"A'a, Mama."

"To madalla. Kowa ya je ya zauna. Delbert, ɗauki kujera ɗaya ka biyo ni. Miya a wurin Verna, ganye a wurin Royce, nama a wurin Noreen. In an kawo kek, ina wurin auta."

Verna ta fashe da kuka. "Mama, ki yi haƙuri. Don Allah ki yafe mana."

"Haƙurin me? Ai na iya." Ta gyara riƙon sandarta. "Tun da kuka sayar da gidan haka nake ci, wata uku a wurin wannan, wata uku a wurin wancan. Na dai ɗauka yau za a ba ni hutu."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har ƙattan babban teburi sai da suka sunkuyar da kai. Ni kam ji na yi kamar an mare ni, domin maganar ba ta Delbert kaɗai ba ce.

Haka muka ci abincin. Ni da Lyle muna hagu, muna hango Royce a dama kamar mutanen wani gari. In Mama ta gama da faranti ɗaya sai ta ajiye cokali ta dogara sanda, ta ratsa ɗakin a hankali ta gaban babban teburi. Delbert yana biye da ita, kujera a rungume, kwat a ƙugu, bakinsa gum.

Da ta iso wurinmu ya ajiye mata kujerar, ya tsaya a bayanta. Ta yanka naman, ta tauna, ta ce ya yi laushi. Ta tambayi Lyle ciwon gwiwarsa. Sannan ta ɗaga kai ta hango Faye can ƙetaren ɗaki, ita kaɗai a gaban kek da kyandir yana ci.

Ta ce, "Ɗauko kujerar, Delbert. Yarinyar nan tana jira."